Mun haddace lissafi, mun kasa lissafa Kano

1/ Yau na fito daga jarrabawar kwas ɗin modelin, wato mayar da matsalar rayuwa lissafi. Zan ci in sha Allahu. Amma wallahi kunya nake ji. Ku biyo ni 🧵

2/ Zango guda muna kan tsarin SIR na Kermack da McKendrick, na 1927. A kasa jama'a uku: masu iya kamuwa da cuta, masu ɗauke da ita, waɗanda suka warke. Mun haddace tsaf, kamar aku.

3/ A 2023 babu jihar da mashaƙo ya yi wa ɓarna kamar Kano. Alƙaluman NCDC suna intanet kyauta. Ko sau ɗaya ba a ce mu ɗauko mu gwada tsarin a kansu ba. Sai handawut, sai misalin wani gari da babu shi a duniya.

4/ Kwanaki Hajiyarmu ta tambaye ni me ya sa masu rigakafi ke nacin sai kowane yaro. Na yi tsuru-tsuru. Alhali amsar tana cikin littafina!

5/ Ga ta: mai ƙyanda ɗaya kan shafa wa mutum 12 zuwa 18 in babu kariya. Lissafin ya ce sai kusan 95 cikin 100 sun samu kariya kafin cutar ta rasa hanya. Na san alamomin, ban san suna magana a kan ƙannena ba.

6/ Za a ce babu kayan aiki. Haba! Python kyauta ce. Muhammad al-Katsinawi ya rubuta littafinsa na lissafin hatimi a 1732, ba lantarki ba data.

7/ Mu ma ɗalibai da laifinmu. In malami ya kawo aikin tunani, mu ne masu ihun “Malam, zai fito a jarrabawa?”

8/ Buƙatata ɗaya: kowane kwas na modelin ya zo da aiki guda a kan Kano. Cunkoson Ƙofar Nassarawa, ruwan dam ɗin Tiga, farashin Dawanau.

9/ Ni dai Asabar zan fara ƙirga A Daidaita Sahu a Audu Bako Way, minti 30 kullum, mako guda. Mai zuwa ya taho da biro.