Wuƙar da hannu ɗaya ke buɗewa

Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma akwai aikin da dole hannu ɗaya ya yi shi, domin ɗayan ba shi da sarari. Na fahimci haka a jajibirin Babbar Sallar bara, lokacin da igiya ta sarƙe a wuyan ragonmu. Hannuna na hagu yana riƙe da ƙaho, na dama ya zaro wata wuƙar aljihu da na saya da araha a kasuwa. Da babban yatsa kaɗai na buɗe ta, abin gwanin sha'awa. Ina cikin yankan igiyar sai ragon ya fizge, bayan ruwan wuƙar ya bugi turke, ta ninke a kan yatsuna biyu. Tabon yana nan har yau, kuma shi ya sa na zauna na bi diddigin yadda ake ƙera wannan ƙaramin makami.

Wuƙa mai ninkewa ta gargajiya tana da ɗan tsagi a jikin ruwanta. Mutum zai riƙe ƙotar da hannu ɗaya, ya sa farcen ɗaya hannun a tsagin ya jawo. Abin da ke riƙe ruwan, a buɗe ko a rufe, wani ƙarfe ne mai tauri da ke kwance a bayan ƙotar yana danna gindinsa. Ba kulle ba ne, dannawa ce kawai, don haka duk ƙarfin da ya rinjayi ƙarfen zai mayar da ruwan gida. Wannan tsari ya wadatar wajen feraye lemo ko fiƙe fensir, amma masunci da ke riƙe da koma, ko mai gyaran wuta da ke maƙale a kan tsani, ba su da hannu na biyu da za su ba ta.

Domin irin waɗannan ma'aikata ne wani Ba'amurke mai suna Sal Glesser, wanda ya kafa kamfanin Spyderco, ya fito da wata wuƙa a 1981. Ya huda rami zagayayye a ruwanta kusa da gindi, inda tsokar babban yatsa za ta shiga ta tura shi waje, ya kuma liƙa maƙali a ƙotar don ta rataya a bakin aljihu maimakon ta nutse cikin makullai da tsaba. Dabara ce mai sauƙi, amma ta sauya sana'ar baki ɗaya. Wasu maƙera suka dasa ɗan ƙulli na ƙarfe a gurbin ramin. Wasu suka fito da ɗan harshe a gindin ruwan, wanda ke leƙowa ta bayan ƙota idan wuƙar tana rufe. Da manuniya ta danna shi sai ruwan ya zabura, kuma bayan an buɗe harshen ya zama katanga tsakanin yatsa da kaifi. A 1998 kamfanin Kershaw ya fara sayar da ƙirar Ken Onion, wadda a cikinta hannu ke fara buɗewa, sifirin ya ƙarasa.

Duk wannan labarin buɗewa ne, kuma shi ne abin da mai talla ke nuna wa mai saye. Abin da ba ya nunawa shi ne sakata, wato ƙarfen da ke hana ruwan komawa. A nan ne ake gane maƙerin kirki. Wuƙar Buck 110, wadda ta shiga kasuwa a 1964, ta yaɗa sakatar baya: wani haƙori ne ke faɗawa cikin gurbi a gindin ruwan, ba ya saki sai an danna bayan ƙotar. Tana da aminci, sai dai rufe ta yakan buƙaci hannu biyu. A farkon shekarun 1980 Michael Walker ya gyara wata tsohuwar dabara, inda siririn ƙarfe a cikin ƙota ke karkatowa ya tokare gindin ruwan. Ya kuma ƙara ɗan ƙwallo ƙanƙani da ke riƙe ruwan a rufe don kada ya buɗe a aljihu. Da wannan ne aka iya buɗewa da rufewa da hannu guda. Aibinta shi ne babban yatsa yana tsayawa a kan hanyar kaifi lokacin rufewa, sannan yawancinsu don na-dama aka yi su, bahago sai ya sha fama. Kamfanin Benchmade ya magance matsalolin biyu a ƙarshen shekarun 1990 da wata sanda mai ratsa ƙota, wadda ake ja baya daga kowane gefe ba tare da yatsa ya kusanci kaifi ba.

To, masu jabu suna iya kwaikwayon rami da maƙali da sheƙi, domin ido ke ganin su. Abin da ba sa wahalar da kansu a kai shi ne daidaita fuskar da sakata ke haɗuwa da gindin ruwa, da ingancin ƙarfen, domin wannan aiki ne na awo da haƙuri. Wuƙar da ta yanke ni tana da sakata, amma ta suna ce kawai. Ta sa na saki jiki, na yi aikin da ba zan yi da wuƙar gargajiya ba. Sakatar da ba ta riƙewa ta fi rashin sakata haɗari.

Hukumomi kuwa ta wata fuska suke kallon lamarin. Abin da ma'aikaci ke kira sauƙi, mai doka yana kiransa saurin kai hari. Amurka ta hana safarar wuƙa mai buɗewa da maɓalli tsakanin jihohi a 1958, Birtaniya ta bi sahu da tata dokar a 1959. Tun 2008 Jamus ta hana yawo da wuƙar da ta haɗa buɗewa da hannu ɗaya da sakata, sai da dalili karɓaɓɓe kamar sana'a. A Birtaniya wadda ake yarda a riƙe a aljihu ba tare da bayar da hujja ba ita ce wadda kaifinta bai wuce inci 3 ba, kuma ba ta da sakata. Ban raina fargabarsu ba. Mu da muke kuka da ƙwacen waya a biranenmu mun san abin da wuƙa ke yi a mugun hannu. Amma abin lura ne cewa dokar ta fi amincewa da wuƙar da ta fi saurin ninkewa a kan yatsun mai ita. Ɗan daba ba ya jiran ƙirar injiniya, wuƙar ɗakin girki ta ishe shi. Wanda ke asara shi ne mai neman abinci.

Shawarata ga mai karatu da sana'arsa ta buƙaci irin wannan wuƙa ita ce kada saurin buɗewa ya ruɗe shi. Ya buɗe ta, ya kama bayan ruwan ya girgiza gefe da gefe da sama da ƙasa. In ya ji motsi, ya ajiye. Ya kawar da yatsunsa daga hanyar kaifi, ya danna bayan ruwan ya ga ko sakata za ta zame. Ya rufe ta ya kaɗa, ya tabbata ba ta buɗewa da kanta. Ya lura da inda yatsansa ke tsayawa lokacin rufewa. In kuma tafiya za shi wata ƙasa, ya tambayi dokarta tun kafin ya ɗaure kaya.

Ni dai yanzu idan mai talla ya buɗe mini wuƙa da ƙas, sai in ce masa ya nuna mini yadda take rufewa. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.