Ra'ayinmu: Musayar ƙasa da makomar Hausawan arewacin Kamaru

Duk lokacin da rikici ya ɓarke tsakanin ƙabilu biyu a arewacin ƙasar nan, akwai wata magana da takan dawo bakin mutane a majalisun shayi da rumfunan kasuwa. Wai me zai hana a zauna a raba ƙasa, waɗannan su ɗauki yankinsu, waɗancan su ɗauki nasu, inda aka cakuɗe kuma a yi musaya, kowa ya zauna da harshensa da al'adarsa ba mai taka wani? Maganar ta ƙara ƙarfi bayan abin da ya faru a yankin Logon-Birni a shekarar 2021, lokacin da faɗa kan ruwa tsakanin makiyaya Larabawan Shuwa da masunta Musgum ya bazu har cikin Kuseri, aka ƙona kasuwar shanu, dubban mutane suka tsallaka kogi zuwa Cadi. Da yawa daga cikin masu wannan ra'ayi gajiya ce da ganin gawa ta sa su faɗin haka, kuma mun fahimce su. Amma mu a wannan shafi ba mu goyi bayansa ba, domin yankin nan namu ya sha ganin musayar ƙasa, kuma mun san abin da takan bari a baya.

Waiwaye adon tafiya. A shekarar 1893 Ingila da Jamus suka ja layi a kan taswira suka raba ƙasar Adamawa. Yola, inda Lamiɗo yake zaune, ta faɗa ɓangaren Ingila, mafi yawan ƙasar da ke yi masa mubaya'a, har da Garwa da Marwa da Ngaundare, ta faɗa ɓangaren Jamus. Ba a tambayi Lamiɗo Zubairu ba, balle talakan da ke noma a bakin Binuwai. Sai kuma a watan Nuwamban 1911 aka yi musaya ta ainihi. Faransa tana son Jamus ta sakar mata mara a kan Maroko, sai ta ba ta makekiyar ƙasa a yankin Kongo, ita kuma Jamus ta cire wani yanki na arewacin Kamaru da ke tsakanin kogin Logon da kogin Shari ta miƙa wa Faransa. Bayan yaƙin duniya na farko Faransa ta karɓe ƙasar da ta bayar, amma yankin da aka cire mana bai dawo ba. Shi ya sa yau Bongor tana Cadi, Yagwa tana Kamaru, alhali mutanen Masa ne a duka gaɓoɓin biyu, dangi ɗaya, harshe ɗaya. Wato dai ƙauyukan bakin Logon ne suka biya kuɗin cinikin Maroko.

A watan Fabrairun 1961 an ɗan gyara salo, aka tambayi mutane. Majalisar Ɗinkin Duniya ta shirya ƙuri'ar raba gardama a yankin Kamarun da Ingila ke riƙe da shi. Mutanen arewacin yankin, su Mubi da Gwoza da Bama da Ganye, kusan kashi 60 cikin ɗari suka zaɓi Najeriya, suka shige ta ranar 1 ga Yuni. Shugaba Ahmadu Ahijo, ɗan Garwa, bai ji daɗi ba, har ya mai da ranar ta zama ranar makoki, ya kai ƙara Kotun Duniya, kotun kuma a 1963 ta ƙi yanke hukunci a kan batun. Ko a nan ɗin ma, sauran kashi 40 da suka zaɓi Kamaru ba su tafi ko'ina ba. Sun kwana a gidajensu, sun tashi a ƙasar da ba su zaɓa ba.

Misali mafi kusa da mu shi ne na Darak. Tun daga farin shekarun 1970 tafkin Cadi ya yi ta janyewa, masunta da manoma suka bi ruwa, Hausawa da Barebari da Shuwa da wasunsu, suka kafa ƙauyuka a busasshen gindin tafki da tsibiran da suka fito. Ruwa suka bi, ba wanda ya riƙe taswira a hannu. Daga baya Najeriya ta bi su da 'yan sanda da makarantu da masu karɓar haraji. Kamaru ta kai ƙara birnin Hague a 1994, kuma ranar 10 ga Oktoban 2002 Kotun Duniya ta ce tsoffin yarjejeniyoyin Turawa ne abin bi, daɗewar da Najeriya ta yi tana mulkin ƙauyukan ba ta mayar da su nata ba. A watan Disamban 2003 Najeriya ta miƙa ƙauyuka sama da 30, ciki har da Darak. A watan Yulin 2004 aka sake wata musayar a kan iyakar tudu: Narki ta dawo Kamaru, Ndabakura da Burha-Wango suka koma Najeriya.

Adalci ne a yaba abin da ya cancanci yabo. An yi wannan miƙa-da-karɓa ba tare da an harba harsashi ba, tsakanin ƙasashe biyu da sojojinsu suka taɓa zubar da jinin juna a Bakasi. Shugaba Paul Biya da Shugaba Olusegun Obasanjo sun zaɓi teburi, Kofi Annan ya tsaya a tsakani, aka kafa hukumar haɗin gwiwa da ta shafe shekaru tana bin iyaka mai tsawon kusan kilomita 2,000 tana kafa turaku. Zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki, wannan ba gardama.

To amma a duba da kyau, me aka yi musayarsa? Tuta ce aka sauke aka ɗaga wata. Ɗan sanda ya tafi, jandarma ya zo. Naira ta ba sefa wuri a ofishin haraji, makarantar da ake koyarwa da Turancin Ingila ta koma hannun hukumar da ke aiki da Faransanci. Masuncin Darak kuwa yana nan a cikin kwale-kwalensa, da Hausarsa ko Barbarcinsa, da limaminsa, da kaburburan iyayensa. Musayar ba ta ƙara masa al'ada ba, ba ta kuma tattara shi da danginsa wuri guda ba. Tambayoyin da suka taso masa washegari na takarda ne: ɗan wace ƙasa ne shi yanzu, ɗansa da aka haifa a zamanin mulkin Najeriya wa zai ba shi takardar haihuwa, gonar da ya share da hannunsa wace hukuma ce za ta shaida tasa ce. Dokar zama ɗan ƙasa ta Kamaru ta 1968 ba ta yarda babba ya riƙe ƙasa biyu ba, don haka zaɓin ba ƙarami ba ne ga mutumin da rabin danginsa ke Gamborun Ngala.

Waɗanda suka rubuta yarjejeniyar Greentree ta 12 ga Yunin 2006, wadda ta tsara miƙa Bakasi, sun gane wannan. Shi ya sa suka sa Kamaru ta ɗauki alkawari a rubuce cewa ba za ta tilasta wa 'yan Najeriya mazauna yankin su tashi ko su sauya ƙasa ba, za ta mutunta harshensu da al'adarsu da addininsu, za ta bar su su ci gaba da su da noma, ta kuma kare dukiyarsu da haƙƙinsu na gargajiya a kan filaye. A nan darasin yake. Su kansu masu musayar sun san layin iyaka ba ya kare al'adar kowa, sai an haɗa da alkawarin haƙƙi, alkawarin kuma sai an cika shi.

A wasu sassan duniya ma haka abin yake. Indiya da Bangaladash sun yi musayar ƙananan yankuna 162 a ƙarshen Yulin 2015, wuraren da kowanne yake kewaye da ƙasar ɗaya ɓangaren, mutanensu sun shafe shekaru ba asibiti ba wutar lantarki. Abin da ya sa aka yaba wannan musayar shi ne an bi gida-gida an tambayi mutane, aka ba kowa zaɓin ƙasar da yake so, kuma mafi yawansu suka zauna inda suke. Inda kuwa aka ce sai ƙasa ta dace da ƙabila ko addini, kamar musayar jama'a tsakanin Girka da Turkiyya a 1923 ko rabuwar Indiya da Pakistan a 1947, mutane aka kwashe kamar kaya, kuma har yau jikokinsu ba su manta ba.

Yanzu mu dawo gida, mu yi wa kanmu tambayar da ta fi muhimmanci. Idan aka ce yau kowace ƙabila a Kamaru ta tattara a yankinta, ina ne yankin Bahaushe? Kakanninmu fatauci da malanta da sana'a ne suka kawo su, tun kafin Bajamushe ya iso Garwa a 1901. Sun bi hanyar goro da hauren giwa da shanu, duk inda suka sauka suka kafa zango, sarkin gari ya ba su wuri, suka yi aure suka haihu. Gidanmu shi ne Hausare a Garwa, da unguwanninmu a Marwa da Ngaundare da Tibati da Banyo, da Birkitiri a Yawunde, da New Bell a Duwala. Ba mu da wata jiha ko wani lardi da za mu ɗora a kan teburi mu ce ga namu, a ba mu wancan. Ranar da aka fara rabon ƙasa bisa ƙabila, mu ne farkon waɗanda za a nuna wa hanya, a ce mu koma Kano, garin da yawancinmu ba su da ko ɗaki ɗaya a cikinsa. Bahaushen da ke tafa wa wannan ra'ayi yana saran reshen da yake zaune a kai.

Kada kuma a ɗauka batun yana da nisa. Kalmar ɗan asalin yanki ta riga ta shiga dokokinmu. Kundin tsarin mulki na 1996 ya ce shugaban majalisar jiha sai ɗan asalin jihar, dokar ƙananan hukumomi ta Disamban 2019 kuma ta shimfiɗa wannan sharaɗi a kan magajin babban birni. Amma wannan kundin dai, a gabatarwarsa, ya ɗora wa gwamnati nauyin kare 'yan tsiraru, ya kuma ba kowane ɗan ƙasa 'yancin zama inda ya ga dama. Wannan ɓangaren ne ya kamata mu riƙe da hannu biyu. Iyalin da ya shekara ɗari da ɗoriya a Garwa bai kamata a riƙa tambayarsa daga ina ya zo ba duk lokacin da ya je neman katin ɗan ƙasa.

Saboda haka kiranmu kashi biyu ne. Ga hukuma: duk inda turken iyaka ya ratsa gona ko ya raba ƙauye, daga tafkin Cadi zuwa duwatsun Mandara har kwarin Faro, a zauna da mutanen wurin, a rubuta musu haƙƙinsu na noma da kiwo da ziyarar dangi, a kai musu alƙalai da ma'aikatan rajista har ƙauye su ba su takardu. Yankin da aka karɓa a kotu ba a kai masa makaranta da asibiti da tsaro ba, an karɓi ƙasa ne an bar mutanenta, kuma mun ga yadda Boko Haram ke cin gajiyar irin wannan saki, har ta kai wa Darak mummunan hari a watan Yunin 2019. Rikicin makiyaya da masunta shi ma a nemi maganinsa inda ciwon yake, wato rabon ruwa da burtali da mashaya, a zaman da sarakuna da hukuma za su sa hannu a kai.

Ga mu kanmu kuma, aikin ya fi yawa. Tun dokokin filaye na 1974, takardar mallaka ce kaɗai cikakkiyar shaidar fili a Kamaru. Gidaje nawa ne a unguwanninmu ke zaune a kan "ai kowa ya san na kakanmu ne"? A haɗa kuɗi a dangi a yi takarda tun kafin ranar da za a neme ta. A yi wa kowane jariri rajista kafin a ci naman suna a manta, domin yaron da ba shi da takardar haihuwa ba ya zana jarrabawar gama firamare, gobe kuma ba ya da kati, ba ya da ƙuri'a. Sarakunan Hausawa da limamai su mayar da wannan abin faɗa a fada da kan mumbari. Sannan harshe: yaranmu za su iya Fillanci a titi, za su iya Faransanci a makaranta, kuma hakan alheri ne. Hausa kuwa in uwa da uba ba su yi ta a tsakar gida ba, ba gwamnan da zai zo ya yi musu. Dokar ilimi ta 1998 ta amince da bunƙasa harsunan ƙasa a makarantu, sai mu nemi a sa namu a inda muke da yawa, mu kuma samar da malaman da za su koyar da shi.

Hausa ta rayu a ƙasar nan ƙarƙashin Lamiɓe, da Jamus, da Faransa, da jamhuriya, ba tare da ta mallaki lardi ko ɗaya ba. Kasuwa da makarantar allo da zumunci da kyakkyawar maƙwabtaka ne suka riƙe ta, kuma su ne za mu nemi doka ta kare mana. Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya haɗa kan al'ummarta.