Tsada daban, tsawwalawa daban

Ɗan uwa manomi, kai da ka fito ajin yaƙi da jahilci, zo mu auna kalma guda: tsawwalawa.

In ruwa ya ɗauke ko fara ta ci gonaki, hatsi ya yi ƙaranci, sai kuɗin tiya ya hau. Wannan tsada ce, kowa take faɗa wa. Tsawwalawa kuwa da mai yin ta. Mutum ne zai ga rumbunka ya ƙare, yara na kuka, ya ɗora maka kuɗin da ya wuce ƙima don ya san ba ka da wurin zuwa. Sai a ce ya tsawwala maka.

Ka tuna shekarar 2005, bayan fari da farar 2004. Akwai hatsi cikin kasuwanni, amma buhu ya kai jika 30 a wasu wurare. Masu gida da yawa sun saida bisashensu da araha don su samu na dawo. Ƙaranci gaskiya ne, amma wanda ya kulle magaza yana jiran yunwa ta ƙara tsanani, ba ƙaranci ya sa shi ba.

Sai dai kar ka jefi kowane ɗan kasuwa da wannan kalma. Wanda ya biya kuɗin mota da na dako, halak ne ya ci riba. Kai yanzu ka iya lissafi, to ka yi shi. Buhu mai kilo 100 yana ɗaukar tiya 40 ko kusa. A misali, in buhu jika 20 ne a babbar kasuwa, tiya ta kama dala 100. Wanda ya kawo ta ƙauye ya ce dala 120, riba ya nema. Wanda ya ce dala 200, ya tsawwala.

Mu ma da namu laifi. Da kaka mu kwashe hatsi mu kai kasuwa, da damana mu saye shi da ninki. Ka saurari farashin kasuwanni a rediyo, ka rubuta. Ku riƙe bankin hatsi na garinku da amana. Ku tambayi ma'aikacin gona zancen warantaji: ƙungiya ta ajiye amfanin gona a magaza, ta karɓi bashi, ta saida in kuɗi ya tashi.

In kuma rumbunka ne ya kai watan Agusta, maƙwabci ya zo da ƙwarya, ka tuna kalmar nan kafin ka faɗi kuɗi.

Allah shi ba mu damana mai albarka.