Saran maciji: Daga gonakin Kaltungo zuwa ban-ɗakunan Abuja

A watan Nuwamban 2021 wata matashiya, jami'ar Rundunar Sojin Sama, ta shiga ban-ɗakinta a barikinsu da ke Abuja kamar yadda ta saba. Ashe maciji na kwance a cikin masai. Ya sare ta, aka garzaya da ita asibiti, amma rai ya yi halinsa. Kwana da kwanaki babu zancen da ake yi a birnin sai wannan. Mutane suka riƙa haska masai da fitilar waya kafin su zauna, wasu suka dinga zazzaga gishiri da kalanzir a ciki, masu feshin ƙwari kuwa kasuwa ta buɗe musu. Ba a jima ba wani labarin ya zo ya ture wannan, kowa ya koma harkarsa.

Abin da ya girgiza mazauna birni a lokacin shi ne wurin da abin ya auku: gida na zamani, mai tayil da ruwan famfo, a tsakiyar babban birnin tarayya. An daɗe ana ɗaukar saran maciji a matsayin ƙaddarar manomi da makiyayi, wadda ba ta shafi mai zaman ofis ba. Manomin Kaltungo da ke Jihar Gombe, ko na Langtang a Filato, ko na Karim Lamido a Taraba, zai yi mamakin wannan mamakin. Shi kam da maciji yake kwana yake tashi. Yakan tarar da shi a ƙarƙashin damin dawa, ko a cikin tarin itacen girki, ko a gindin rumbu, ko a kan hanyar rafi da asuba. Matarsa kan ci karo da shi a akurkin kaji, ɗansa kuma a ramin da ya zura hannu yana neman gafiya. Sabo da tsoro sun kai har wasu ba sa kiran sunansa da dare, sai su ce igiyar ƙasa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa macizai na saran mutum miliyan 4.5 zuwa 5.4 a kowace shekara, daga ciki mutum 81,000 zuwa 138,000 ke rasa rayukansu, yayin da kusan ninki uku na waɗannan ke ƙarewa da yanke gaɓa ko wata nakasa ta dindindin. A Najeriya, adadin da Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta sha ambata shi ne kimanin sara 20,000 da mutuwa 2,000 a shekara. Wannan lissafi ya dogara ne kacokan kan waɗanda suka isa asibiti. Wanda ya cika a gida, ko a kan babur tsakanin ƙauye da gari, jana'izarsa kawai ake yi, ba ya shiga littafin kowa. Duk da haka, macijin da 'yan ƙasar nan suka fi tunawa shi ne wanda aka ce ya haɗiye Naira miliyan 36 a ofishin hukumar JAMB da ke Makurdi a 2018. An yi raha da shi har aka gaji, alhali ainihin macizan na ci gaba da aika magidanta kabari.

Macizai uku ne suka fi yin ɓarna a ƙasar nan. Na farko ita ce kububuwa, wadda ake wa kirari da "gobe da nisa". Ƙarama ce, launinta ya saje da ƙasa, kuma ita ce ke da alhakin mafi yawan sara a yankin Arewa. Dafinta na hana jini daskarewa. Wanda ta sara zai iya tashi ya yi tafiyarsa a rana ta farko, har a ce ya tsallake, sannan jini ya fara zuba daga dasashi, ya fito a fitsari, ko ya tsiyaya a cikin ƙwaƙwalwa bayan kwanaki. Idan babu magani, mutum ɗaya zuwa biyu cikin goma kan mutu. Ta biyu ita ce kasa, mai jiki da nauyi, wadda ba ta gudu in ta ji motsi, sai dai ta lafe har a taka ta. Dafinta na kumbura gaɓa ya ruɓar da nama, shi ya sa sau da yawa ake ƙarewa da yanke ƙafa. Na uku shi ne kumurci, mai fasa kai yana feshin dafi a ido. Shi ne ya fi shiga gidaje da dare yana farautar ɓera da ƙwai da 'yan tsaki, kuma tun a shekarun 1970 likitocin da suka yi aiki a Zariya da Malumfashi, irin su Farfesa David Warrell, suka lura cewa galibin waɗanda yake sara suna barci ne a ƙasa.

Shigowar waɗannan halittu birni ba abin al'ajabi ba ne, domin birnin ne ya tarar da su. Unguwanni irin su Lugbe da Lokogoma da Kubwa da Kuje, jiya-jiya daji ne da gonaki. Har yau kusan kowane layi na da kango da ba a ƙarasa ba, ko fili da ciyawa ta cinye ana jiran farashinsa ya tashi. Shara na kwana a bakin ƙofa, shara na kiran ɓera, ɓera kuma na kiran maciji. Ramin masai da murfinsa ya fashe, da bututun iska da ba a sa masa raga ba, hanya ce buɗaɗɗiya zuwa cikin ban-ɗaki. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagar da ta ishi ƙadangare ta ishi kumurci. Idan damina ta kankama ruwa ya cika ramuka, macizai kan nemi tudu, tudun kuwa sau da yawa ɗakin mutane ne, kamar yadda aka gani a garuruwan da ambaliyar 2022 ta shafa.

Babu gwamnatin da za ta iya alƙawarin cewa ɗan ƙasa ba zai yi kiciɓis da maciji ba. Abin da ke hannun hukuma, kuma abin da ya kamata a tuhume ta a kai, shi ne abin da ke biyo bayan saran: awa nawa ne tsakanin wanda aka sara da allurar kashe dafi, kuma nawa zai biya kafin a yi masa ita.

Awannin farko kan salwanta ne tun a gida. Da zarar an yi sara sai a ɗaure gaɓar tamau da igiya ko roba, a tsaga wurin da reza, wani ya tsotsa, wani ya kawo baƙin dutse, wani ya jiƙo sassaƙe. Likitoci sun yi ittifaƙi cewa duk waɗannan ba sa fitar da dafi. Ɗaurin na kashe gaɓa, tsagar kuma ga wanda kububuwa ta sara ƙofa ce ta zubar jinin da ba zai tsaya ba. Akwai dalilin da ya sa jama'a suka yi imani da masu maganin gargajiya, kuma ba wauta ba ce. Ba kowane maciji ke da dafi ba, mai dafin ma ba kullum yake zuba shi ba. Duk wanda aka yi wa irin wannan busasshen sara zai warke ko da ruwan randa aka ba shi, sai mai magani ya kwashe yabo. Wanda dafi ya shiga jikinsa da gaske shi ne ake kaiwa asibiti a rana ta uku, jina-jina, in ya mutu a ce asibiti ne ya kasa.

Sai dai ɗora laifi kan jahilcin talaka hanya ce mai sauƙi ta kauce wa gaskiya. Mutum na zuwa wurin mai magani ne saboda shi ne a kusa, kuma yana karɓar kaza ko alƙawarin kaka. Asibiti na da nisa, in an je ma ba lallai a sami allurar ba, in an samu kuma kwalba ɗaya na iya cinye kuɗin buhun hatsi fiye da ɗaya, ga shi wani majinyacin sai an yi masa kwalabe da dama. Cibiyoyin da suka ƙware a wannan fanni ƙalilan ne: asibitin saran maciji na Kaltungo, da cibiyar lafiya ta Zamko a Langtang, da asibitin Bambur a Taraba. Kaltungo kaɗai na karɓar majinyata daga jihohin da ke kewaye da Gombe, kuma an sha samun lokutan da magani ya yanke a can, galibi a tsakiyar shuka ko girbi, lokacin da sara ya fi yawa.

Tarihin allurar kanta abin dubawa ne. Najeriya na da magani da aka yi musamman don macizanta, wato EchiTAb, wanda ya samo asali daga haɗin gwiwar masana na gida da na Birtaniya. An kwashi macizai daga nan aka kai makarantar nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi da ke Liverpool aka tatsi dafinsu. Da wannan dafi ake haɗa nau'i ɗaya a yankin Wales ta hanyar amfani da jinin tumaki, wani nau'in kuma, mai maganin macizan nan uku, a ƙasar Costa Rica da jinin dawaki. Macijin na Najeriya ne, majinyacin ɗan Najeriya ne, amma sai an nemi dala kafin magani ya iso. Duk lokacin da Naira ta faɗi, farashin ran manomi ya tashi ke nan. Dogaro da waje na da wani haɗarin kuma. A 2014 kamfanin Sanofi na Faransa ya daina yin Fav-Afrique, allurar da ƙasashen Afirka da dama suka dogara da ita, saboda ba ta kawo riba, kuma ragowar da ke ajiye ta lalace a 2016. Giɓin da ake samu a irin wannan yanayi, magungunan da aka yi don macizan wata nahiya ne ke cike shi. A wani asibitin karkara a Ghana, da aka sauya zuwa irin wannan allura mara dacewa, mace-macen saran kububuwa sun tashi daga kashi 1.8 zuwa kashi 12.1 cikin ɗari.

Masu kula da asibitoci na da hanzarinsu, kuma ya cancanci a saurara. Allurar na da tsada, tana da wa'adi, wani nau'in sai a firji, kuma asibitin birni na iya yin watanni bai ga saran maciji ba. Ajiye ta a kowane ƙaramin asibiti asara ce. Wannan gaskiya ne, amma abin da yake nunawa shi ne buƙatar tsari. Birnin tarayya na da ƙananan hukumomi shida: Abaji da Bwari da Gwagwalada da Kuje da Kwali da ta cikin birni. Ba abin da zai gagara ba ne a ware asibiti ɗaya ko biyu a kowacce, a tabbatar allurar ba ta yankewa a cikinsu, a riƙa juya wadda wa'adinta ya kusa zuwa inda aka fi buƙata, sannan a sanar da sunayensu a rediyo da harsunan da mutane ke ji. Iyalin da aka sari ɗansu da tsakar dare bai kamata su yi ta yawo daga wannan asibiti zuwa wancan suna tambaya ba. Haka kowace jiha za ta iya yi, gwargwadon yawan saran da ake samu a yankunanta. Gwajin gano dafin kububuwa ma ba ya buƙatar na'ura: jini kaɗan a busasshiyar kwalbar gilashi mai tsabta, a jira minti 20, in bai daskare ba an san dafi ya shiga. Kowane ma'aikacin lafiya na karkara zai iya koyon wannan a yini guda.

Batun kuɗi ma doka ta riga ta share hanya. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta haramta wa asibiti ƙin karɓar mai buƙatar agajin gaggawa, ta kuma kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, wanda aka ware wani kaso nasa don jinyar gaggawa. Idan saran kububuwa bai shiga wannan sahu ba, da wuya a san abin da zai shiga. Ya kamata allurar ta zama kyauta, hukumar NAFDAC kuma ta tsaya kai da fata kan cewa duk wadda za ta shigo ƙasar an gwada ta a kan macizan nan. A dogon zango kuwa babu makawa sai an haɗa ta a gida. Afirka ta Kudu ta shafe shekaru aru-aru tana yin tata. Najeriya na da cibiyar binciken lafiyar dabbobi a Vom tun 1924, tana da masana irin su Farfesa Abdulrazaq Habib na Jami'ar Bayero da ke Kano, wanda duniya ta san shi a wannan fage, dawaki da tumaki kuwa ba a maganarsu. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa saran maciji cikin cututtukan da aka yi wa riƙon sakainar kashi, a 2019 kuma ta tsayar da burin rage mace-mace da nakasa da rabi kafin 2030. Wa'adin na ƙaratowa.

Akwai kuma rabon da ya rataya a wuyan kowane magidanci. A nome ciyawar da ke kewaye da gida, a nisanta tarin itace da bulo da akurki daga ɗakin kwana, a toshe ramuka da ƙasan ƙofa, a gyara murfin ramin masai. Mai kwana a ƙasa ya shiga gidan sauro ya cusa gefensa ƙarƙashin shimfiɗa. Mai fita da dare ya riƙe tocila, manomi ya sa takalmin roba mai tsawo, a kuma zazzage takalmi kafin a zura ƙafa. Idan an ga maciji a ja da baya a ba shi hanya, domin da yawa daga waɗanda ake sara suna ƙoƙarin kashe shi ne, kuma kan da aka datse ma yana iya sara. Ƙarar da macizai gaba ɗaya ba mafita ba ce, tunda su ke rage ɓerayen da ke cinye hatsi suna yaɗa zazzaɓin Lassa. In kuwa tsautsayi ya faɗa, a cire zobe da awarwaro da duk abin da ke matse gaɓa, a hana ta motsi, a ɗauki majinyacin maimakon a bar shi ya taka, a nufi asibiti kai-tsaye ba tare da tsayawa neman macijin ba. Wanda aka fesa wa dafi a ido ya wanke da ruwa mai yawa nan take, sannan ya nemi likita.

An ce wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Abuja ta ga abin da ya fi tsumma a 2021, amma tsoron ya tsaya a haska masai na 'yan makonni. Kafin damina mai zuwa, mafi ƙarancin abin da Hukumar Birnin Tarayya da ma'aikatun lafiya na jihohi za su yi shi ne su fito da jerin asibitocin da ke da allurar kashe dafi, da lambar da za a kira, su kuma faɗi wanda zai amsa tambaya ranar da aka je aka tarar babu.