Bashin Dashen Itace Da Manomin Runka

A watan Disamba na 2021 Bankin Duniya ya amince da bai wa Nijeriya bashin Dala miliyan 700 domin shirin ACReSAL. Wai za a farfaɗo da gajiyayyar ƙasa, a dasa itatuwa a jihohin Arewa 19 da Abuja. Katsina na ciki.

To, a je Runka a tambayi manomin da gonarsa ke bakin dajin Rugu: yaushe rabonsa da yin shuka hankali kwance? Mutumin da 'yan bindiga suka hana shi noman gero, shi ne zai yi ban-ruwan dashe? A Fabrairun 2020 mutum 30 aka kashe a Tsauwa da Dankar ta Batsari. Wace bishiya za a dasa a kufai?

Talakan nan bai jira Bankin Duniya ba kafin ya bar gawo da kuka da ɗorawa a gonarsa. Gado ne daga kakanni.

Kuɗin muhalli kuwa an san makomarsu. A 2018 kotu ta ɗaure tsohon gwamnan Filato, Joshua Dariye, bisa sace sama da Naira biliyan ɗaya na asusun muhalli. A 2022 gwamnati ta yi masa afuwa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi!

Matasa su tambayi mahukunta: nawa ya iso Safana, nawa ya iso Batsari, a hannun wa? Domin ranar biyan bashi, wuyan talaka za a kama.