Denmak Ta Yi Daidai da Ta Haramta Ƙona Littattafan Addini

Ranar 28 ga Yunin 2023, ranar Babbar Sallah, wani ɗan asalin Iraƙi mai suna Salwan Momika ya cinna wa Alƙur'ani mai girma wuta a ƙofar babban masallacin Stockholm, 'yan sandan Suwidin na tsaye suna gadinsa. Watanni biyar kafin nan wani mai suna Rasmus Paludan ya yi irin wannan aika-aika kusa da ofishin jakadancin Turkiyya da ke birnin. Hukumomi suka ce 'yancin faɗar albarkacin baki ne ya ɗaure musu hannu. A watan Disambar shekarar kuwa, majalisar dokokin Denmak ta zartar da doka da ƙuri'a 94 a kan 77, wadda ta tanadi tara ko ɗaurin da ka iya kai shekara biyu ga duk wanda ya wulaƙanta littafin addini a bainar jama'a. A ganina wannan doka ta dace, kuma tsarin Turai da kansa ne shaidarta.

Babu ƙasar Turai da ta saki baki sakaka. A Jamus, musanta kisan ƙare-dangi da 'yan Nazi suka yi wa Yahudawa laifi ne da ke kai mutum kurkuku, Faransa ma tana da irin wannan doka tun 1990. A 2018 Kotun Turai ta Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta tabbatar da tarar da Ostiriya ta ci wata mata saboda ɓatanci ga Annabi Muhammadu (SAW). Ita kuma Faransa, da sunan raba addini da gwamnati, ta hana ɗalibai sa hijabi a makarantun gwamnati a 2004, ta ƙara da abaya a 2023. Gwamnatin da ta iya sa baki a tufafin yarinya ba ta da bakin cewa ba ruwanta da wutar da aka hura a ƙofar masallaci. Iyaka dai tana nan tuntuni. Abin da Musulmin Turai ke nema shi ne su ma ta kare su.

Masu adawa na cewa Denmak ta soke dokar ɓatanci a 2017, yanzu ta dawo da ita a fakaice, kuma gobe za a hana sukar addini. Damuwarsu abar saurara ce, sai dai dokar ba ta taɓa magana ko rubutu ko zane ba. Mai son ya soki Musulunci yana da jarida da littafi da dandalin muhawara. Ƙona littafi ba ya ɗauke da wata hujjar da za a iya amsawa. Saƙonsa kawai shi ne mabiya wannan littafi ba su da mutunci a ƙasar da suke biyan haraji.

Suka ta biyu ta fi nauyi: wai Denmak tsoro ta ji, bayan an afka wa ofishin jakadancin Suwidin a Bagadaza. Gaskiya ne gwamnatin ta kafa hujja da tsaron ƙasa, kuma a nan ne ya wajaba mu faɗa wa kanmu gaskiya. Kisan mutum 12 a harin da aka kai wa mujallar Charlie Hebdo a 2015 da kisan malamin makaranta Samuel Paty a 2020 zalunci ne, kuma sun ba masu ƙin jinin Musulmi makami. Haka ma harbe Momika a Janairun 2025, ana dab da yanke masa hukunci a shari'ar da ake masa kan ƙona Alƙur'ani. Kwanaki kaɗan bayan haka kotun Stockholm ta sami abokin aikinsa da laifin tunzura ƙiyayya, kamar yadda kotun Malmo ta yanke wa Paludan ɗaurin wata huɗu a 2024. Hukuncin kotu yana zama abin kafa hujja ga na baya, harsashi kuwa sai ya mayar da mai laifi abin tausayi. Don haka Musulmin Turai su riƙe lauya da ƙuri'a da alƙalami, su matsa wa sauran majalisu su bi sahun Denmak, dokar kuma ta kare Alƙur'ani da Attaura da Linjila daidai wa daida.