ZANCEN LAKWAL: Ƙaramar lakwal ta ƙauye

Kaka ta yi, hatsi ya shiga rumbu. Yanzu lokaci ne da uwaye za su duba wata gonar, watau lakwal ta garinsu. Ita ma tana da shibka, tana da noma, tana da girbi.

Kowa ya san irin wannan lakwal, daga ƙasar Tawa har Maraɗi da Damagaram. Aji ɗaya na siminti, aji biyu ko uku na zana. Mushe biyu, wani wuri ma ɗaya. Karatun firamare kuwa aji shida ne, daga CI zuwa CM2. Saboda haka mushe guda yakan haɗa aji biyu a ɗaki ɗaya. A wasu ƙauyuka ba a ɗaukar sababbin yara sai shekara biyu-biyu. Yaron da aka hana rubutawa bana, sai ya jira har ya yi girma, daga nan kunya ta hana shi zama da ƙanana.

A shekarar 1960, lokacin da Nijar ta samu mulkin kai, yaran da ke zuwa lakwal ba su kai biyar cikin ɗari ba. Yau lakwal ta shiga ƙauyuka da yawa, har da rugage. Amma rubuta suna daban, iya karatu daban. Wani bincike da ake kira PASEC ya auna yaran aji shida a shekarar 2014. Cikin yara goma na Nijar, tara ba su iya karanta rubutu su gane shi yadda ya kamata ba. Da aka sake aunawa a 2019, wajen uku cikin goma sun iya. An samu ci gaba, amma saura bakwai.

Ina karatun yake zubewa?

Na farko, kwanaki. Ana buɗe lakwal a watan Oktoba, a rufe a ƙarshen Yuni, wata tara ke nan. Amma ajin zana ba ya tsayuwa sai an gama girbi an samu kara. In gari ya yi sakaci, sai Disamba yara su zauna. Ruwan farko kuma in ya sauka, iska ta kwashe rumfa, yara su tafi shibka. A ce wata biyu sun tafi a farko, ɗaya a ƙarshe: saura shida. Wata uku sau shekara shida, wata goma sha takwas ke nan, daidai da shekara biyu ta karatu. Yaro yana aji shida, amma karatun aji huɗu ya yi.

Na biyu, fashi. Ranar kasuwa a ɗora wa yarinya talla. Ranar da babban wa ya tafi cin rani, a ba ƙaramin kiwon bisashe. Uba yana ganin kwana ɗaya ne. Amma a ranar ce aka koya wani baƙi ko wani lissafi, kuma mushe mai aji biyu ba shi da sukunin komawa baya saboda yaro ɗaya.

Na uku, ƴan mata. Suna da yawa a CI, in an kai CM sai a neme su a rasa. Aikin gida da aure da wuri su ne sanadi. A watan Disamba na 2017 gwamnati ta fitar da doka don a kiyaye karatun ɗiya mace har ta kai shekara 16.

Na huɗu, harshe. Yaron da ya tashi da Hausa, ko Fillanci, ko Tamajak, yana shan wuya in an fara masa da Faransanci tun ranar farko. Tun 1973 aka buɗe lakwal ta gwaji a Damagaram inda ake fara karatu da Hausa. A 2025 kuma aka mai da Hausa harshen ƙasa. Wanda ya yi yaƙi da jahilci, har yana karanta wannan jarida, yana iya zaunar da ɗansa da dare su yi karatu tare.

To, mi ya rage ga mutanen gari?

Kwamitin lakwal, wanda ake kira KOJES, shi da maigari da ƙungiyar uwaye mata, su tara kara da itace tun ana cikin girbi, a yi gayya a tsai da aji cikin kwana ɗaya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A yi rumfunan nesa da juna, da ƙofa mai faɗi, nesa da murhun masu tuya. Ba a manta da gobarar Yamai ta Afrilun 2021 ba, da ta Maraɗi a Nuwamba na 2021. Kowace ta ci yara ashirin ko fiye, duk a cikin ajin zana. Garin da ke da hali ya buga tubali.

Kowane uba ya nemo wa ɗansa takardar haihuwa tun yanzu. An maido da jarrabawar sartifika a 2024, kuma ana neman takardar a wajen rubuta suna. Kada a bari sai yaro ya kai CM2 a shiga gudu.

Uwa ko uba ya leƙa lakwal ko da sau ɗaya a wata, ya gaida mushe, ya tambayi fashin ɗansa, ya duba kayensa. In mushen ne ke yawan fashi, kwamiti ya yi masa magana cikin mutunci. In bai daina ba, a kai zancen ga sufeto.

Manomi ba ya zuba iri ya tafi, sai kaka ya dawo neman damma. Wanda ya rubuta ɗansa a watan Oktoba, ya bi sawunsa har Yuni.